Idan Sitiyari Ya Fara Kuka: Darasi Daga Tsohuwar Motar MGB



A ɗauka wani mutum ne a Ingila ya sayi tsohuwar mota da ta shekara ashirin jibge a rumbun gona. Ya kwashe shekara uku yana farfaɗo da ita: an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an yi walda, an sauke inji an gyara, an fesa fenti, an ɗinka sababbin kujeru. Ranar da za a fito da ita daga gareji, inji ya tashi lafiya lau. Yana murɗa sitiyari zai hau titi sai ya ji "ƙiiiƙ". Ya mayar ɗaya gefen, "ƙiiiƙ". Duk wanda ya taɓa zaman gareji ya san abin da yaron shago zai yi a nan. Zai rarumo gwangwanin man feshi, ya zura bakinsa ta bayan sitiyari, ya fesa. Ƙara ta ɗauke, kowa ya yi murna. Bayan sati biyu ta dawo, kuma har yanzu babu wanda ya san me ke kukan.

Abin da nake so mu tattauna ke nan. Akwai wurare da dama da ke iya yin wannan ƙara tsakanin hannun direba da taya. Wasu ba komai ba ne illa damun kunne. Wasu kuwa alama ce ta abin da zai iya raba direba da ikon motarsa yana cikin gudu. Man feshi yana rufe bakin duka biyun ba tare da ya bambance ba. Don haka ƙa'idar ita ce: gano wurin, gano dalilin, sannan ka taɓa mai.

Wace mota ce MGB?

Na zaɓi MGB ne saboda tana cikin tsofaffin motocin ƙwalisa da aka fi farfaɗowa a duniya, kuma tsarin sitiyarinta a bayyane yake, ana iya koyo da shi. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. An ƙera ta a masana'antar MG da ke garin Abingdon kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980. A 1965 aka ƙaro samfurin GT mai rufin ƙarfe. Injinta silinda huɗu ne, 1798cc. An yi sama da rabin miliyan, kuma akasarinsu ƙetare aka kai, musamman Amurka. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ya fara buga sabon bodinta, shi ya sa har yau mutum zai iya sake gina ta kusan daga tushe.

Abu biyu ya kamata mai gyara ya riƙe game da ita. Na farko, daga masana'anta ba ta da na'urar sauƙaƙa sitiyari. Babu famfo, babu bel, babu mai na fawa. Ƙarfin hannun direba ne kaɗai ke juya taya, don haka duk ƙarar da ka ji daga ƙarfe ne, ko roba, ko bushin. Na biyu, notinanta na ma'aunin inci ne. Ka ɗora musu sifanar milimita da ta ɗan yi kusa, za ka cinye kan noti ka jawo wa kanka wani aikin.

Me ke cikin sandar sitiyari?

Bari mu bi ta daga sama zuwa ƙasa. Sitiyarin kansa yana zaune a kan wata doguwar sandar ƙarfe, an yi wa bakinta haƙora da ɗan tsini, an ɗaure da babban noti ɗaya. Wannan sanda tana juyawa ne a cikin bututu. Bututun ba ya juyawa, a ɗaure yake da bodi a ƙarƙashin dashbod da kuma can ƙasa wajen ƙafar direba. Abin da ke riƙe sandar a tsakiyar bututu shi ne bushin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A motocin Ingila na wancan zamani, irin su MGA da MGB na farko-farko, ana yin wannan bushin da matsattsen ulu, irin wanda ake yin hular dara da shi, a jiƙa shi da mai. Daga baya aka koma nailan da ƙananan boris.

A kusa da saman sandar akwai tarkace da yawa a ɗan ƙaramin wuri: makunnin sigina da ɗan ƙarfen da ke kashe shi idan ka gama kwana, zoben tagulla da ɗan burushin da ke kai wa hon wuta a shekarun da ake danna hon a tsakiyar sitiyari, sai murfin roba da ya rufe su. A inda sandar ta huda bangon da ke tsakanin direba da inji akwai robar da ke tare ƙura da ruwa. Can ƙasa, a ɗakin inji, sandar ta haɗu da kuros, wato gaɓar nan mai kama da gicciye da ke ba sanda biyu damar juyawa tare alhali ba a miƙe suke ba. Daga kuros sai ƙaramin giya mai haƙora ya shiga rak, rak ya ture tayarod, tayarod ya juya ƙafar taya a kan kinfin.

To, ka ƙirga. Bushin biyu, zoben hon, makunnin sigina, murfi, robar bango, kuros, rak, tayarod, kinfin. Kowannensu yana iya kuka, kuma maganin kowanne daban.

Daga ina ƙarar take fitowa?

A ajin kimiyyar injuna an koya mana cewa ƙarfin gogayya tsakanin abu biyu ya fi yawa lokacin da suke tsaye a kan lokacin da suka fara zamewa. Asalin tsuwwar ke nan. Idan ka murɗa sitiyari, busasshen bushin yana riƙe sandar. Sandar ta ɗan murɗe kamar sifirin, ƙarfi ya taru, sai ta fizge ta zame. Tana zamewa ƙarfin ya ragu, bushin ya sake kama ta. Kama, saki, kama, saki, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana jin girgiza daga wajen 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, don haka wannan kama-saki yana isowa gare mu a matsayin ƙara.

Haka goge yake aiki. Mai goge yana shafa ƙaro a izga don ta riƙa kama tsarkiya tana saki, ƙwaryar kuma ta ƙara wa sautin ƙarfi. A mota, bututun sitiyari shi ne ƙwaryar. Yana kwaso ƙara daga ƙasa ya kawo ta har gaban direba. Shi ya sa direba zai rantse maka a bayan sitiyari abin yake, alhali kuros ne can a ɗakin inji. Kada ka yarda da inda kunne ya fara nunawa.

Me zai sa motar da aka gama sabuntawa ta yi kuka?

Mutum zai ce ai komai sabo ne. To, sau da yawa sabuntawar ce ta kawo ƙarar. Sabon bushin ulu a bushe yake zuwa, idan aka cusa shi ba a jiƙa ba dole ya yi kuka. Mai fenti yakan fesa sandar gaba ɗaya har da inda take zama a cikin bushin, kaurin ya ƙaru, fentin kuma ya riƙa goguwa yana zama gari. Kayan da ake bugawa yanzu a madadin na asali ba kullum suke zuwa daidai ma'auni ba. Masu son ado sukan cire sitiyarin asali su sa ƙarami na katako, gindinsa ya riƙa gogar murfi. Sannan babbar magana: an sauke rak, an sauke bututu, an yi walda a bodi, ƙananan fallayen ƙarfe da masana'anta ta sa don daidaita su sun ɓace a cikin kwalin tarkace, aka mayar da komai aka ɗaure da ƙarfin tsiya. Za mu dawo kan wannan.

Bincike, mataki-mataki

Kafin komai, cire kan batir, domin za ka yi aiki kusa da wayoyin hon da na sigina. A MGB batir ba ya gaban mota, yana bayan kujeru a ƙarƙashin wani murfi. Har zuwa 1974 guda biyu ne masu bolt 6 kowanne, daga baya aka koma ɗaya mai bolt 12. Kuma motocin kafin ƙarshen 1967 ƙafar fositib ce ke haɗe da bodi, saɓanin abin da muka saba. Duba da kyau kafin ka kwance.

Mataki na ɗaya, saurara. Inji a kashe, wuri shiru, taya a ƙasa. Juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wajen juyi uku ne. Ka lura da yanayin ƙarar. Idan tana zuwa a wuri ɗaya a kowane juyi, kamar kullum sai sitiyari ya kai daidai wani matsayi, to wani abu ne ke goga a gefe ɗaya: gindin sitiyari da murfi, ko ɗan ƙarfen sigina, ko zoben hon, ko sanda ce ta ɗan lanƙwashe. Idan ba ta yankewa muddin kana juyawa, tuhumi busasshen bushin ko robar bango. Idan kuwa tare da ƙarar kana jin tauri yana zuwa yana sakewa a kowane rabin juyi ko rubu'insa, zuciyarka ta tafi kan kuros.

Mataki na biyu, ɗaga gaban motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ka sa wa tayoyin baya waigi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sake juyawa. Idan ƙarar ta ɓace da nauyi ya sauka daga kan taya, to matsalar tana ƙasa: kinfin da ya bushe, ko kan tayarod. Wani lokaci ma taya ce kawai ke kuka a kan daɓen gareji mai fenti, a yi ta neman abin da babu. Idan ƙarar tana nan, to tana sanda ko rak.

Mataki na uku, nemi abokin aiki ya riƙa juyawa, kai kuma ka ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan kana bi da shi wuri-wuri. Dogon sukundireba ma yana yi: tsinin a jikin bututu ko rak, marikin a kunne. Inda sautin ya fi kaifi ka yi masa alama da alli.

Mataki na huɗu, gwajin ruwa. Ɗan fesa ruwan sabulu a robar bango kaɗai. Idan ƙara ta ɗauke na mintoci ta dawo, ka kama ɓarawonka. Amfanin ruwa shi ne yana bushewa ya bar maka shaidar yadda take, ba kamar mai ba da ke malala ko'ina ya ɓata maka sawu. Wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ka taɓa uku a tare ƙarar ta tafi, ba za ka taɓa sanin wanne ne ba.

Mataki na biyar, cire murfin bayan sitiyari ka juya. Janye burushin hon ka juya. Sassauta makunnin sigina ka juya. Kana yi kana amfani da ido, domin duk inda ake goga sai ya bar alama: wurin da ya yi sheƙi, garin tagulla, garin roba, ko fentin da ya kankare. Sannan ka kama sitiyari da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa, hagu da dama. In yana lako-lako, bushin ya ci. Ka ja shi wajenka ka tura, ka ga ko sandar na shiga tana fita.

Mataki na shida shi ne alƙali. Yi alama da fenti a kan kuros da sanda don su koma yadda suke, sannan ka raba su. Ka tuna kusar da ke matse kuros tana ratsawa ta cikin wani gurbi a jikin sanda, sai an zare ta gaba ɗaya kuros zai zame, sassautawa ba ta isa. Yanzu kana da rabi biyu. Juya sitiyari shi kaɗai: in ya yi kuka, laifin na sama ne. Kama taya ka juya ta da hannu: in ƙara ta fito, laifin na rak ne ko abin da ke ƙasa da shi. Lanƙwasa kuros ta kowace fuska da hannu, ya kamata ya tafi sumul, ba tauri ba wasa. Idan kuwa sama shiru, ƙasa shiru, kuros lafiya, amma da ka haɗa su ƙara ta dawo, to babu kayan da ya lalace. Saiti ne ya kauce.

Gyara

Bushin ulu. Idan sabo ne kuma bai ci ba, a fitar da shi a jiƙa a mai mai kauri ya kwana, wasu sukan haɗa da garin girafait, sannan a matse rarar a mayar. Yana zuwa ne a shimfiɗe, ana naɗe shi a cikin bututu, bakin biyu su haɗu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. In ya riga ya ci ko ya ƙone ya yi tauri, canji kawai. Kafin ka mayar da sanda, kankare fentin da ke daidai mazaunin bushin, ka goge tsatsa da samfefa mai laushi har wurin ya yi santsi. Sabon ulu yakan ɗan yi tauri kwanakin farko, wannan ba laifi ba ne.

Bushin nailan da robar bango. A nan ake yawan kuskure. Giris na yau da kullum da baƙin mai daga fetur aka samo su, kuma suna kumbura robar asali su lalata ta. Robar da ta kumbura ta ƙara matse sanda, kukan ya fi na da. Abin da ya dace shi ne giris na silikon, ko jan giris ɗin da aka yi musamman don roba, a shafa kaɗan. In robar ta tsage ko ta karkace daga mazauninta, a canja ta ko a zaunar da ita daidai.

Zoben hon. A goge shi tas, a duba burushin. In ya cinye har sifirin ɗinsa ya fara kartar zoben, a sa sabo. Ɗan shafin giris siriri ya isa. Ka cika shi, hon ya daina kamawa, ƙura kuma ta sami wurin zama.

Gindin sitiyari da murfi. A sassauta murfin a matsar da shi har a sami ɗan rata ko'ina a zagaye. In sitiyarin ado ne gindinsa bai dace da shekarar motar ba, a nemo wanda ya dace. Kada a bar notin sitiyari a sake wai don a sami rata.

Kuros. A cikinsa akwai ƙananan allurai na boris. Idan ka ga jan gari kamar na bulo a bakin kofunansa, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci. Feshi zai iya sassauta shi na 'yan kwanaki, amma allurar da ta riga ta ci ba ta dawowa. A canja shi. 

Rak. Littafin gyaran MGB man giya lamba 90 ya ce a zuba a rak, abin da bai kai rubu'in lita ba. Idan robobin da ke gefe biyu sun yage, man ya tsiyaye ƙasa ta shiga. A canja robobin a sake zuba mai. Kinfin kuma yana da nonon giris, a ba shi da bindigar giris yayin da tayar ke sama, har sabo ya turo tsoho waje.

Saiti. MGB kuros ɗaya gare ta tsakanin sanda da rak. Don haka dole layin tsakiyar sanda da layin tsakiyar ƙaramin giyan rak su haɗu daidai a tsakiyar kuros. Masana'anta tana cim ma wannan ne da siraran fallayen ƙarfe a ƙarƙashin mazaunin rak da kuma wajen ɗaurin bututu. Akwai ma'auni na musamman, ƙarfe biyu masu tsini da ake sawa a bakin sandunan a maimakon kuros, a yi ta gyara har tsinin biyu su taɓa juna. Mu da muke da injin sassaƙar ƙarfe a wokshof, wannan aikin awa ɗaya ne a fere su. Idan ba a yi saitin ba aka tilasta kuros ya shiga, sanda za ta zauna a danne ta gefe ɗaya. Bushin ya ci da wuri, sitiyari ya yi nauyi, ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, ƙarfen kuma yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kowane juyi. Ƙarfen da ake yi wa haka yau da gobe gajiya yake, ya fara tsagewa. Wannan ita ce ƙarar da feshi ke ɓoyewa, kuma ita ce mafi haɗari.

Maganar guduma

Cire sitiyari daga kan sanda yana da wuya domin tsinin ya riƙe shi gam. Tsohuwar dabara ita ce a sa gwiwa a bayan sitiyari a danna, wani ya doki kan sanda da guduma. Kafin ka ɗaga gudumar nan, ka san wace irin sanda ce a gabanka.

A da, sandar sitiyari ƙarfe ɗaya ce miƙaƙƙiya, in aka yi karo ta gaba sai ta taso wa direba a ƙirji kamar mashi. A 1965 wani lauya Ba'amurke, Ralph Nader, ya fitar da littafinsa Unsafe at Any Speed yana sukar masu ƙera motoci kan sakaci da rayuka. A 1966 Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar motoci, kuma daga 1968 ƙa'idojin suka fara aiki, ciki har da na sitiyarin da zai shanye ƙarfin karo. Tunda Amurka ce babbar kasuwar MGB, motocin da ake kai can suka koma sanda mai naɗewa daga 1968, na sauran kasuwanni suka biyo baya. Irin wannan sanda gida biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an riƙe su da 'yan ƙusoshin roba da aka tsara su karye a lokacin haɗari don sandar ta shige cikin kanta. Guduma ba ta da bambanci da haɗari a wajen waɗannan ƙusoshi. Duka ɗaya mai kyau ya isa ya karya su, daga nan sanda ta fara wasa tana ƙwanƙwasa. Ka zo gyaran tsuwwa ka lalata abin da aka sa don ceton rai. Kuma kada wani ya ce a yi mata walda a huta, domin yin haka mayar da ita mashi ne.

Hanyar da ta dace: yi alama a sanda da sitiyari, sassauta noti amma ka bar shi a kai da 'yan zagaye don kada sitiyarin ya fizgo ya fasa maka baki, sannan ka sa fula ta jawo shi a hankali.

Bayan an haɗa

Kusar kuros ta koma ta cikin gurbinta, da sabon noti mai nailan a ciki, domin irinsa ba a maimaita shi. Notin sitiyari da na kuros a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Tun motar tana sama, juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ka tabbata babu inda ya cije kuma babu wayar da ke naɗewa. Sauke ta, mayar da batir, gwada hon, gwada sigina ka ga tana kashe kanta. Auna wasan sitiyari: a ƙa'idar gwajin motoci ta Birtaniya, wadda suke kira MOT, sitiyari mai rak mai faɗin milimita 380 bai kamata wasansa ya wuce milimita 13 a bakin da'ira ba kafin taya ta motsa. Sannan a fita gwaji a hankali a wurin da babu cunkoso, a ga ko sitiyari na komawa tsakiya bayan kwana. Bayan 'yan kwanaki a sake bin notinan.

Akwai dalilin da ya sa wannan bin diddigi ya ƙara nauyi. Tun 2018, a Birtaniya an ɗauke wa akasarin motocin da suka haura shekara 40 wajabcin gwajin MOT na shekara-shekara, in dai ba a yi musu babban sauyi ba. MGB ta ƙarshe ta fito a 1980, ke nan dukkansu sun haura. Ma'ana, mai yiwuwa babu wani jami'i da zai sake leƙa kusar kuros ɗin nan bayan wanda ya ɗaure ta.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe. Motocin zamani suna da jakar iska a cikin sitiyari da naɗaɗɗiyar waya a bayansa. Kada wani ya karanta wannan ya je ya kwance sitiyarin motar babansa haka kawai. Wannan wani darasi ne daban, da nasa matakan tsaro.

Na san da yawa cikinmu za su gama makaranta su yi shekaru suna aiki ba su ga MGB da idonsu ba. Amma tsohuwar Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna ita ma rak gare ta, da sanda, da bushin, da gaɓar da ke haɗa su, ga ƙurar hunturu da zafin bazara da ke busar da mai su fasa roba. Tsarin binciken ɗaya ne: saurara, ɗaga, raba gida biyu, taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Idan an kawo maka mota sitiyarinta na kuka, mai ita yana tsaye yana duba agogo, ogan gareji yana miƙo maka gwangwanin feshi, ka ce masa, "Oga, a ba ni minti goma in ji daga ina take tukuna." Wataƙila zoben hon ne, ka goge shi ku rabu lafiya. Wataƙila kuma kuros ne da ya kusa cijewa, a motar da gobe za ta ɗauki iyali ta hau babban titi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, ya sa mu amfani jama'a da abin da muka koya.